Yadda Ake Ɗinka wa Babbar Wuƙa Kube da Hannu

Babbar wuƙa, wadda ruwanta ya kai santimita 20 zuwa 40, tana da nauyin da ƙaramar wuƙa ba ta da shi. Duk takun da mai ita ya yi, nauyin nan yana tura tsini ƙasa, yana kuma goga kaifi a jikin ɗinki. Shi ya sa kuben da aka yi da fata biyu kawai, aka haɗa bakinsu aka ɗinke, ba ya daɗewa: kaifi yana cin zaren daga ciki, mutum bai sani ba, sai ran da wuƙar ta ɓullo ta gefe ta sami cinya. Kuben da zan nuna maka mai hawa uku ne, fuskar gaba da fuskar baya da wata siririyar fata da ake shimfiɗawa a tsakaninsu. Wannan fatar tsakiya ita ce kaifi zai riƙa kwanciya a kai maimakon zare, kuma a kanta duk ingancin aikin ya rataya.

Kayan da za ka tanada

Fata ce kan gaba. Nemi ƙirgi, wato jemammiyar fatar sa, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, wadda aka jeme da bagaruwa ko sassaƙen itace. Irin wannan ce take shan ruwa ta yi laushi, ka lanƙwasa ta yadda kake so, in ta bushe ta tsaya a haka. Fatar da aka jeme da sinadarin masana'anta, irin ta kujeru da jakunkuna masu laushi, ba ta riƙe siffa. Gane su ba wuya: yanki gefe ka duba cikin naman fatar, idan ka ga launin toka mai ɗan shuɗi to ta sinadari ce, idan ka ga ruwan ƙasa tun daga sama har ƙasa to ita ce kake nema. Ka kuma zaɓi ɓangaren gadon baya ko kafaɗa. Fatar ciki tana miƙewa, kube kuwa in ya miƙe ya daina riƙe wuƙa. Fatar akuya ko ta tunkiya ta yi siriri ga wannan aiki, sai dai a lulluɓe waje da ita don ado.

Sauran kayan su ne kwali da fensir da rula, salatif, reza ko wuƙar yankan fata mai kaifi sosai, basilla, allurai biyu masu dakusasshen baki, zaren nailan mai ƙarfi irin na ɗinkin takalmi, kakin zuma, gam ɗin takalmi, samfefa, guduma, filaya, da katakon da za ka riƙa yanka a kai. In kana son maɗaurin ƙota, ƙara da maɓallin ƙarfe irin wanda ake dannawa.

In babu basilla, ƙusa siririya da guduma suna yi. In allurarka mai tsini ce, goga bakinta a dutse ya dakushe, don allura mai tsini tana huda zaren da ya riga ta shiga rami. In zarenka ba mai kaki ba ne, ja shi a jikin kakin zuma sau biyu ko uku.

1. Rufe kaifin wuƙar

Kafin komai, liƙa salatif a kaifi da tsini, sannan ka naɗe ruwan wuƙar duka hawa ɗaya ko biyu. Za ka sa wuƙar ka cire ba adadi a cikin aikin nan, sau da yawa yatsunka suna daf da kaifi. Salatif ɗin yana da wani amfani kuma: ɗan kaurin da ya ƙara shi ne sararin da wuƙar za ta samu a cikin kube idan an gama.

2. Zana a kwali

Kwantar da wuƙar a kan kwali ka bi gefen ruwanta da fensir, ka sa alama daidai inda ƙota ta fara, nan ne bakin kube. Daga wannan zane, bar milimita 2 ka ja layi na biyu kewaye da shi. Daga layi na biyu ka auna milimita 12 ka ja na uku. Filin da ke tsakanin layi na biyu da na uku shi ne mazaunin fatar tsakiya, layi na uku kuma shi ne iyakar kuben. A wajen tsini ka faɗaɗa wannan fili ya kai santimita 2, domin can ne nauyin wuƙar yake sauka.

Yanzu ga inda manyan wuƙaƙe suke kayar da sabon hannu. Da yawansu, musamman masu kama da adda, cikinsu ya fi faɗi a kusa da tsini fiye da kusa da ƙota. Idan ka bi siffar wuƙar kawai, bakin kube zai fito ƙarami, wuƙar ba za ta shiga ba sam. Don haka ka ɗora ta a kan zanen, ka ja ta sama a hankali kamar kana zare ta, kana kallon wuri mafi faɗi. Duk inda ya tsallake layi na biyu, gyara layin ya ba shi hanya. Idan cikin wuƙar ya yi faɗi ƙwarai har kuben zai fito kamar buhu, akwai wata hanya: ka bar kashi ɗaya cikin uku na gefen bayan wuƙa, daga sama, a buɗe ba ɗinki, wuƙar ta riƙa fita ta nan, maɗauri ya riƙe ta. Gefen kaifi kuwa ba a taɓa barinsa a buɗe.

Fuskar gaba tana tsayawa a bakin kube. Fuskar baya tana zarce bakin kube da kamar santimita 25, faɗinta ya ɗan fi na ƙota, domin ita za a naɗo baya ta zama madaukin bel. Yanke kwalayen uku, ka haɗa su da salatif, ka gwada wuƙar a ciki. Gyaran kwali ba ya cin komai, fata kuwa in ka rage ta ba ta komawa.

3. Yanka fata

Tsaya ka yanke shawarar gefen da za ka rataya wuƙar. Mai amfani da hannun dama yakan rataya ta a ƙugun dama, kaifi yana kallon baya. Riƙe kwalin a ƙugunka a haka, ka rubuta "waje" a fuskar da ke kallon waje. Wannan fuskar ce za ta zo daidai da gefen fata mai santsi. Idan ka kife kwalin ba ka lura ba, kuben bahago za ka samu.

Yi zanen a gefen fata mai kaushi, kana tuna cewa a nan kwalin kife yake. Kada ka nemi raba fatar da yanka ɗaya. Bi layin da reza sau uku ko huɗu, kowane da ɗan ƙarfi kaɗan, rezar tana tsaye cak ba a karkace ba, hannunka ɗaya kuma kullum yana bayan bakin reza. In kana son rini, yanzu ne lokacinsa, kafin gam ya taɓa fatar, domin duk inda gam ya ɗiga rini ba ya kamawa.

4. Shirya fatar tsakiya

Kaurinta ya zama daidai da kaurin bayan wuƙar ko ya ɗan fi. Auna bayan wuƙar a kusa da ƙota. Idan milimita 3 ne, hawa ɗaya ya isa. Idan ya kai 5 ko 6, ƙara hawa na biyu daga bakin kube zuwa rabin tsawo, ka fere ƙarshensa da reza ya yi ta raguwa har ya ɓace, yadda ba za a sami tudu ba. Idan wuƙar tana da ƙarfen tare hannu tsakanin ƙota da ruwa, wannan ƙarin a baki ya zama dole, in ba haka ba ƙarfen zai riƙa ture fuskar baya.

Ya fi kyau ka yanko ta guda ɗaya mai siffar zanen. In fatarka ba ta isa ba, yi ta gida biyu, amma kada mahaɗar ta faɗo a kan tsini ko a gefen kaifi. Kai ta gefen bayan wuƙa, ka fere bakunan biyu su hau juna.

Na ga mutane suna tsallake wannan mataki suna cewa ai za su buga ƙusoshin ƙarfe a gefen kaifi su tare wuƙar. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Kaifin da ka ɓata lokaci kana wasawa zai riƙa karo da ƙarfe kullum, ya dakushe ko ya ɓantare, kuma tsakanin ƙusa da ƙusa ƙofa ce a buɗe.

5. Ɗinka madaukin bel tun kuben yana buɗe

Jiƙa wurin naɗi da ruwa kaɗan, ka naɗo dogon harshen fuskar baya zuwa baya, ka bar sararin da bel ɗinka zai wuce da ɗan rara. Bel mai faɗin santimita 4 yana son sarari kamar 6. Fere ƙarshen harshen, ka manna, ka ɗinke da layi biyu ko siffar akwati.

Wannan ɗinki yana fitowa a cikin kube, inda wuƙa take wucewa. Saboda haka ka tona masa ɗan kwari a fuskar ciki da bakin reza ko bayan basilla, zaren ya nutse ƙasa da fatar. Wasu suna ƙarawa da manna siririyar fata a kansa, kuma dabara ce mai kyau. Idan ka manta da madauki har ka rufe kuben, allura ba ta da hanyar shiga.

A nan kuma za ka huda ƙaramin rami, kamar milimita 3, a fuskar baya daidai ƙasan inda tsini zai tsaya, don ruwan da ya shiga ya sami mafita.

6. Manna

Kankare wuraren da gam zai hau da samfefa, musamman gefen fatar tsakiya mai santsi, don gam ba ya kama santsi. Shafa shi siriri a ɓangarorin biyu, ka bar shi minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan ka haɗa. Yi wannan a inda iska take wucewa, nesa da wuta. Fara manna fatar tsakiya a fuskar baya, ka kwantar da wuƙar a ciki ka ja ta sama ka ga ko tana wucewa. In akwai inda ta cije, yanzu ne za ka feffere. Sai ka ɗora fuskar gaba, ka bubbuga gefen da guduma a hankali. In za ka matse da wani abin ƙarfe, sa kwali a tsakani, domin ƙarfe yana bar wa irin wannan fata baƙin tabo in akwai danshi, kuma tabon ba ya fita.

Bayan awa ɗaya ko biyu, daidaita gefen da reza da samfefa har hawa ukun su zama baki ɗaya. Gam ba shi ne ƙarfin kube ba, aikinsa ya riƙe maka fatun har ka ɗinke.

7. Alama da huji

Ja layin ɗinki milimita 6 daga gefe, wato tsakiyar fatar tsakiya, ka danna shi ya yi ɗan kwari gaba da baya. Sa alamar ramuka kowane milimita 5. In ba ka da abin aunawa na musamman, danna cokali mai yatsu a kan fatar da ka ɗan jiƙa, kana mayar da yatsa na farko cikin alamar ƙarshe, tazarar za ta fito daidai.

Hawa ukun nan sun kai kaurin kusan santimita ɗaya ko fiye, don haka huda su shi ne aiki mafi gajiyarwa. Abin kula guda ɗaya ne: basilla ta shiga a tsaye. In ta karkata, ramin zai yi kyau a gaba, a baya kuwa ya fito a bakin gefe ko ya kauce wa fatar tsakiya gaba ɗaya. Bayan kowane rami uku ko huɗu ka juya ka duba baya. Shafa wa bakin basilla kaki, za ka ji tana ratsawa da sauƙi. Mai injin huda zai iya amfani da baki mai milimita 1.5 zuwa 2. Kada ka ƙona ƙusa a wuta ka huda da ita, fatar da ta ƙone tana tsagewa daga rami zuwa rami.

8. Ɗinki da allura biyu

Auna tsawon layin ɗinki ka yanko zare ninki bakwai zuwa takwas. In ya yi tsawo har yana sarƙewa, raba aikin gida biyu, kowane gefe da zarensa. Sa allura a kowane ƙarshe.

Fara daga bakin kube. Zura allura ɗaya a ramin farko, ka ja har zaren ya rabu daidai hagu da dama. Zura allurar dama a rami na biyu ka fitar da ita hagu. Ja wannan zare ka ɗan kwantar da shi gefe guda na ramin, sannan ka zura allurar hagu a cikin ramin nan dai, ta bayan zaren, ta fito dama. Kafin ka ja, ɗan motsa zaren farko ka tabbata allura ba ta huda shi ba. Sai ka ja duka biyun lokaci ɗaya har su kwanta cikin kwarin. Haka za ka yi ta yi, kullum hannun da ya fara shi ke farawa, kullum ƙarfin ja iri ɗaya. Da zarar ka sauya tsari, ɗinkin zai nuna. In allura ta cije, ja ta da filaya a miƙe, kada ka murɗa, wajen idonta take karyewa.

Amfanin wannan ɗinki shi ne zare biyu ne suke saɓawa a kowane rami, in ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe. Ɗinkin basilla mai ƙugiya irin na masu gyaran takalmi ya fi sauri, kuma in shi ka iya zai yi aiki, sai dai in ya tsinke a wuri ɗaya yana iya warwarewa ya bi layi.

Bakin kube ne yake shan wahala, don haka ka maimaita ramuka biyu na farko a kowane gefe. A ƙarshe ka koma baya rami uku, ka fitar da zaren biyu ta baya, ka yanke ka bar ɗan guntu, ka narkar da shi da ashana ka danne. In kana son ƙusar tagulla a kusurwoyin baki, ta ratsa ta cikin fatar tsakiya, inda kaifi ba zai taɓa ta ba.

9. Zaunar da wuƙa a ciki

Shafa wa wuƙar mai, ka naɗe ta da siririyar leda har da ƙasan ƙota. Tsoma kuben cikin ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda hannu ke jurewa ba tare da jin zafi ba, na daƙiƙa 15 zuwa 20. Ruwan zafi yana ƙanƙance fata ya mai da ita mai karyewa. Bar kuben ya tsane na 'yan mintuna, ka zura wuƙar har ƙarshe, sannan ka bi jikinta da babban yatsa kana dannawa, musamman bakin kube da wajen ƙarfen tare hannu. Za ka ga layin bayan wuƙar yana fitowa a fatar sannu a hankali. Yanke farcenka kafin wannan, jiƙaƙƙiyar fata tana riƙe ko wane zane.

Bayan kamar awa ɗaya zare wuƙar a hankali, ka goge ta ta bushe, ka ajiye kuben a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu. Kada ka kai shi rana mai zafi ko bakin wuta don ya yi saurin bushewa, sauri ya haifi nawa, fatar za ta murɗe ta tsattsage.

10. Maɗauri, gefe da shafe

Sai kuben ya bushe za ka auna maɗaurin ƙota, don yanzu ne wuƙar ta sami mazauninta na gaskiya. Yanko fata mai faɗin santimita 2, ka kafa ta a jikin madauki, ka zagayo da ita ƙotar a matse, sannan ka sa alamar maɓalli. Buɗe shi ka zare wuƙar a hankali kana kallo: idan bakin maɗaurin yana faɗowa kan hanyar kaifi, juya shi ya riƙa buɗewa ta gefen bayan wuƙa. In babu maɓalli, igiyar fata da ƙulli mai kauri da ɗan tsagi a ɗaya bakin sun wadatar. Wuƙa mai tsawo sosai tana dukan ƙafa in ana tafiya, sai a huda rami a ƙasan kube, ba a kan layin ɗinki ba, a sa igiyar ɗaurewa a cinya.

Goge gefen da samfefa mai laushi, ka rage kaifin kusurwoyin, ka ɗan jiƙa, sannan ka murza da guntun itace mai santsi ko tsumma mai kauri har ya yi duhu yana sheƙi. Shafa kaki ka sake murzawa. Jikin kuben kuma, ta waje kawai, shafa masa kakin zuma ko man takalmi marar launi. Kada ka cika mai, yana sassauta fatar ta saki siffar da ka sha wahalar ba ta. Baƙin man inji kuwa kada ya kusance ta.

11. Gwaji

Cire salatif. Wuƙar ta shiga da ɗan turawa, ta fita da hannu ɗaya, kamar takalmin da ya zauna wa ƙafa. Kife kuben a kan katako, nesa da ƙafarka, maɗauri a rufe, ka girgiza. In wuƙar tana rawa, sake jiƙa bakin ka matse. In ta cije, ƙara hawan leda ka sake zaunar da ita. Danna ƙotar ƙasa da ƙarfi ka duba tsini da gefen kaifi daga waje, ba tare da ka sa yatsa a wurin ba.

Idan babu fata mai kauri

Fayif ɗin roba na famfo yana yin kube mai ƙarfi, musamman ga adda. Zaɓi wanda in an baje shi faɗinsa zai fi na wuƙar, ka ɗumama shi a waje, nesa da harshen wuta, kana jujjuyawa har ya yi laushi. Sa safar hannu mai kauri, ka zura wani katako siriri mai kaurin wuƙar a ciki, ka matse tsakanin katakai biyu har ya huce. Sake ɗumama ƙasan ka matse ya rufe, ka bar ƙaramin ramin ruwa. Idan robar ta fara baƙi ko hayaƙi, janye ta nan take ka matsa gefe, hayaƙinta guba ne.

Katako ma yana yi: fale-fale biyu na itace mai laushi, ka sassaƙe siffar ruwan wuƙar a cikinsu, ka manna, ka ɗaure baki da tsakiya da ƙasa da zare mai kaki. A nan ne siririyar fatar akuya take da amfani, a lulluɓe katakon da ita a ɗinke ta baya.

Ko wane iri ka yi, kada ka mayar da wuƙa ciki da danshi ko datti, domin yashin da ya maƙale a ciki yana karce ruwan wuƙar duk shiga da fita. In za ka ajiye ta na watanni, cire ta daga kuben fata, ka shafa mata mai ka naɗe ta daban, saboda fata tana jan danshin iska ta riƙe, wuƙar ta yi tsatsa a ciki.